Ruwa Shi Ishe Ka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Nasiru. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Innarka ta ce ranar Asabar za ku yi lodin albasa, Lahadi ka ɗauki mota zuwa kudu, kuma wannan karon kai ne a sitiyari. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa ka fara a sa'a.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Sau uku na kira ka don in faɗa maka da baki, sai in ɓuge da tambayarka farashin buhu. Yanzu ina ɗakin wankin ƙoda a Sakkwato, hannun hagu ɗaure da robobi, inji yana jan jinina yana mayarwa. Awa huɗu nake yi a kwance, ba ni da aiki sai tunanin abin da na aikata. In ka ga rubutun ya karkace, kada ka zargi firamaren da na yi, a kan gwiwa nake yin sa.

Maganar guda ce. Shekara biyu ke nan kana ɗauke da ƙarya a ƙirjinka game da Bappanka Sambo, yayana na Shagari, kuma ni na bar ka da ita. Ba na so ka bar gida kana riƙe da ita. Amma sai na fara da yadda na kashe ƙodata da hannuna, don in ba haka ba, ba za ka yarda da sauran ba.

Ka san sunan da ake kirana da shi a Danchadi: Ladan Mai Alwala Guda. Ba ka san inda ya samo asali ba. Kana goye a lokacin. Wata rana bayan isha'i wani tsoho a masallacinmu, Allah ya jiƙansa, ya nuna ni a gaban mutane ya ce, "Ku dubi wanga yaro. Tun asuba ban ga ya taɓa buta ba. Alwala guda shika yi ta kai shi isha'i." Jama'a suka yi ta masha Allah. Gaskiyar magana, ranar dacewa ce kawai, na wuni a gona ban sami ruwan sha ba. Amma kaina ya kumbura, na kwana ina jin daɗin sunan, washegari na tashi da niyyar kada ya kuɓuce mini.

Dabarar ba ta da wuya, kada ka sha, ba za ka zaga ba. Da safe in kurɓi kunu kaɗan, in jefa goro a baki, in shiga fadama. Rana tana dukana, gumi yana bushewa a rigata ya bar farin gishiri, ina tsaye ina kora wa albasa ruwa fangali bayan fangali, ni kuwa ko ɗigo. In masu aiki suka kafa kai a bakin tiyo suna sha, sai in yi musu dariya in ce su rariya ne. Sau ɗaya nake zagawa bayan an tashi daga isha'i, abin da zai fito ɗan kaɗan ne, launin baƙin shayi, har da zafi. Ina ganinsa, ina ɗauka alamar ƙarfi ce.

Liman ya taɓa jan hannuna gefe ya ce, "Garba, sabunta alwala lada na. Riƙon hitsari ba ibada na ba, kuma salla da matsuwa ba a son ta." Na ce masa na gode, a raina kuwa na ce hassada ce, shi da yake zuwa buta sau biyar. Ka ji irin mahaifin da Allah ya ba ka. Shekara ashirin da wani abu ina azabtar da jikina don mutane su ce masha Allah, ina kiran abin tsoron Allah. Kunyar wannan tana damuna fiye da ciwon.

Makon jiya na gan ka a wurin lodi da tsakar rana. Wani ya miƙo maka ruwan leda, ka ture ka ce, "Ni ɗan Mai Alwala Guda na," kuka kwashe da dariya. Nasiru, ka ajiye wannan gadon, ba na alheri ba ne. Na san direbobi, na san ba ku son tsayawa, kowa yana so ya riga wani shiga kasuwa. Ka sa jarkar ruwa kusa da ƙafarka. In ka ji ƙishirwa ka sha, in fitsari ya kama ka, ka gangara gefen titi. Kuma ka riƙa duba launinsa, ba ƙazanta ba ce. In ya yi fari-fari, lafiya. In ya yi duhu, jikinka ne yake roƙonka ruwa.

Wannan bayani a wurin likitata na samo shi. Yarinya ce, ba ta fi yayarka Hadiza ba, har na raina ta ranar farko. Ta tambaye ni sana'ata, na ce noman albasa. Ta ce, "To Baba, ai ka san aikin ruwa. Zauna in gwada maka." Ta ɗauko takarda ta zana. Zan faɗa maka yadda na fahimta, in na yi kuskure nawa ne.

Ƙoda biyu ce, kowace kamar dunƙulen hannu, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Duk jinin mutum yana ratsawa ta cikinsu, ya fita ya dawo, dare da rana. A ciki akwai ƙananan matatai da ido ba ya gani. Su fara tace ruwa mai yawa daga jinin, sannan ƙodar ta sake janye kusan dukkansa ta mayar wa jiki, ta bar dattin da ɗan ruwan da zai kore shi. Shi ne fitsari. Amma ba ƙoda kaɗai take yanke nawa za ta mayar ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu. In ruwa ya yi ƙaranci, jini ya yi kauri da gishiri, sai ya saki wani sinadari cikin jini. Ta faɗi sunansa da Turanci, bai zauna mini ba, ni dai ɗan aike nake ce masa. Yana isa ƙoda sai ya ce a riƙe ruwa, kada a zubar. Shi ya sa fitsari yake raguwa ya yi duhu. A daidai lokacin kuma mutum yake jin ƙishirwa. Likita ta dube ni ta ce, "Saƙo guda na anka raba biyu, Baba. Rabi ga ƙoda, rabi gare ka. Ita ta yi nata, kai kaƙ ƙi." Na sunkuyar da kai.

Ta ce akwai na biyu. In ƙoda ta ji jinin da yake zuwa mata ya ragu, ita ma tana da nata ɗan aiken. Shi yake sa hanyoyin jini su matse, ya kuma taɓo wasu ƙananan ƙullutai da suke zaune a saman ƙodar, su ce a riƙe gishiri. Gishiri kuwa inda ya tsaya, nan ruwa yake tsayawa, sai jini ya hau. Allah ya tsara wannan don ceto, don mai azumi ya kai magariba, matafiyi ya kai rijiya. In an sha ruwa, 'yan aiken su koma su huta. Nawa ba su taɓa hutawa ba. Da ta zo nan sai na tuna yadda nake zagin duk wanda ya bar mini injin ban-ruwa yana aiki bakin tiyo cikin laka. Na tausaya wa inji fiye da jikina.

Kuskurena na biyu haɗi ne. Ka san shi, 'yan ƙwayoyin nan masu launi-launi da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ko a tiren masu yawo. Bayana ya fara ciwo saboda sunkuyo, wani ya ce in gwada. Na gwada na ji garau. Daga nan kullum safe ɗauri guda, in aikin ya yi yawa da yamma ma guda, kuma da yawu nake haɗiyewa don kada in sha ruwa. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Likita ta ce in jiki ya bushe, ƙoda tana da dabarar buɗe hanyar jininta don kada ta shaƙe, kuma yawancin magungunan kashe ciwon nan wannan dabarar suke toshewa. Wato ga fari, ga kuma an rufe 'yar hanyar da ta rage.

Za ka gan su a kowace tasha, har da kwalaben da ake cewa suna hana barci, suna ƙara ƙarfi. Abokan aikinka za su ce kowa yana sha. Haka ne, a ɗakin nan ma wanda ke kan gadon da ke damana direba ne, tsohon hannu, ya ce in gaishe ka in ce ka ji maganar ubanka. In ka gaji, maganin gajiya barci ne. In ciwo ya ƙi tafiya, ka je wurin wanda ya karanci abin.

Na uku ya fi ba ni haushi, don Allah ya kawo mini mafita na sa ƙafa na shure. Shekarun baya ciwon kai ya matsa mini, Innarka ta tilasta ni na je asibiti a Bodinga. Aka ɗaura mini abin awo a hannu, ma'aikacin ya zaro ido, ya ce hawan jini ne, kuma ya yi nisa. Ya ba ni magani, ciki har da wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari, don jiki ya rage gishiri da ruwan da ya tara. Kwana uku na sha. A rana ta uku, kafin la'asar na ɗauki buta sau huɗu. Isa mai shayi yana zaune a ƙofar masallaci, ya ce, "A'a, Ladan! Yau alwalar ta haihu?" Aka yi dariya. Wasa yake yi, bawan Allah, amma ina komawa gida na juye maganin a masai. Innarka ta tambaya, na ce na shanye kuma na warke.

Saboda dariyar mai shayi, Nasiru. In an yi maka dariya a kan abin da zai tsare lafiyarka, ka taya su dariyar, ka ci gaba da abinka. Kuma likita ta ce hawan jini yana bin gida, kuma ba ya sallama, mutum yana jin kansa lafiya yana cin sa. Duk garin da ka sauke kaya, in ka ga wurin awo, ka miƙa hannu. Ka rage gishiri da dunƙule a abinci, na san ka da barbaɗawa tun kafin ka ɗanɗana.

Yanzu na zo inda nake gudu.

Kana wurin ranar da abin ya faru, amma bari in faɗa yadda yake. Rani ne, rijiyoyin wajen Shagari sun ja baya. Bappanka Sambo ya koro shanunsa zuwa fadamata don su sha, kamar yadda ya saba tun mahaifinmu yana da rai. Ranar nan saniya biyu suka ƙwace suka tattake mini fangali biyu. Fangali biyu kacal. Na yi masa tas a gaban masu aiki, shi da yake gaba da ni, na je na kashe inji, shanu suna tsaye suna kallon kwatar da babu ruwa. Bai ɗaga murya ba. Ya saɓa sandarsa ya ce, "Garba, ruwa kah hana ma dabba? To, ruwa shi ishe ka." Ya kora abinsa ya tafi.

Bayan wata huɗu takalmi ya ƙi shiga ƙafata. In na danna ƙauri da yatsa sai ya lotsa ya ƙi tasowa. Fuska ta kumbura, ciki ya cika, in na kwanta numfashi ya gagara. Innarka ce ta fara tunawa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ruwa na! Ruwan da Yaya Sambo yac ce shi ishe ka!" Kai kuma ka miƙe idonka jawur. Kafin mako ya zagayo, duk Danchadi an san cewa Sambo ya jefi ƙanensa.

A lokacin ni ma na yi zaton haka, wannan Allah zai iya yafe mini cikin sauƙi. Amma da aka kawo ni nan, na ba likita labarin, ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini hoton ƙodata, duk biyun sun motse. Ta ce, "Baba, wanga ba jihwa na ba, ba baki na ba. Ƙoda ba ta motsewa haka cikin wata huɗu. Ta yi shekaru tana mutuwa kaɗan-kaɗan. Yanzu ta kasa hidda gishiri da ruwa, shi na yat taru ga jikinka." Na gane sarai. Babu abin da ban gane ba.

Na dawo gida, Innarka ta tare ni a zaure, kana tsaye a bayanta. Ta ce, "Mi likita tac ce?" Na buɗe baki na ce, "Ta ce ba su gane kan abin ba."

Ga ƙaryar nan, na rubuta ta da hannuna. Na yi ta ne don in na faɗi gaskiya, sunan da na yi shekaru ina gini zai zama abin dariya, a ce ga wanda wautarsa ta kwantar. Wanda aka jefa kuwa ana tausayinsa. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa dama mutanen kirki ake nema da sharri, ni kuma ina kwance ina gyaɗa kai. Aka yi bikin Hadiza, ban aika wa yayana ko goro guda ba. Sannan labari ya zo mini cewa ka haɗu da shi a kara ranar kasuwar Shagari, ya miƙo maka hannu, ka ce a gaban jama'a, "Ba ni gaisawa da wanda yak kashe mini uba." Mutumin da ya yanka ragon sunanka. Da na ji, ban kira ka na tsawata maka ba. Har wani sanyi na ji a raina, wai ina da ɗa mai kishina. Ban san da wane ido zan dubi Ubangijina da wannan ba.

Alhakin kalmar nan da ka faɗa a kaina yake, kai gaskata mahaifinka ka yi. Amma ka koya daga nan. Ko ni ne na ce maka wane mugu ne, ka tambaya, ka bincika, kafin ka yanke zumunci. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗe shi da zafinsa. Nawa da na bari ya kwana, kullum sai ya ƙara nauyi, har na kasa ɗaga shi.

Ka ga yadda nake yanzu. Ruwan da zan sha a wuni an auna mini shi a 'yar kwalba guda, don abin da ya shiga ba ya fita sai inji ya cire. Ina kallon Innarka tana ɗaga moɗa, maƙogwarona yana motsi. Fitsari ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Alwala guda tana kai ni isha'i ba tare da na yi wani ƙoƙari ba, kuma babu mai cewa masha Allah.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na nemi biro. Ashe ƙoda tana da wani ɗan aiken kuma, wanda take tura wa ɓargo ta ce a ƙera sabon jini. Nawa ya daina zuwa, shi ya sa ka ga tafin hannuna ya yi fari. Watan jiya, lokacin da kuka yi tafiyar kwana biyar ɗin nan, jinina ya yi ƙasa sosai, aka ce sai an ƙara mini, a nemo 'yan'uwa su bayar. Washegari aka rataya leda aka sa mini. Na ɗauka mutanen masallaci ne, har na sa Liman ya yi musu godiya.

Yau da safe nas ɗin da take sa mini allura ta ce, "Baba, ina dogon mutumen nan mai sanda, mai kama da kai? Bai sake zakkuwa ba?" Na ce wane? Ta ce wanda ya zo da 'ya'yansa biyu daga Shagari suka ba da jini, nasa ne ma ya dace da nawa aka sa mini. Sai ta rufe baki da hannu, ta ce ta manta, ya roƙe su kada a faɗa. Na ce ta faɗa mini abin da ya ce daidai. Ta ce cewa ya yi, "Kar ku gaya mishi. In yaj ji nawa na, ba shi yarda a sa mishi, kuma shina bukata."

Nasiru, na juya fuska bango na yi kuka kamar yaro, direban da ke gefena yana ta ba ni haƙuri bai san dalili ba. Jinin da injin nan yake juyawa yanzu, ina kallonsa a cikin roba, har da na Sambo a ciki.

Yau in na koma gida zan faɗa wa Innarka. Ranar Juma'a, in ƙafa ta ɗauke ni, zan tsaya a masallaci in faɗa wa jama'a da bakin da na yi kiran salla da shi. Shagari kuma zan je da kaina in durƙusa, ko da ɗaukata za a yi. Amma ban san kwana nawa suka rage mini ba, kai kuma jibi-jibin nan za ka tafi. Bappanka ba ya karatun boko. Ka kai masa takardar nan, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa, ka karanta masa ita tun daga sallama, kada ka tsallake inda ya yi mini muni. In ya kore ka, ka tashi da ladabi, yana da gaskiya. In ya miƙo hannu, ka kama da hannu biyu.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka daga gyangyaɗi a kan sitiyari da mugun abokin tafiya, ya ba ka halal mai albarka. Allah ya bar maka ƙodarka har tsufa, ya ba ka 'ya'yan da ba za ka taɓa rubuta musu irin wannan takarda ba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Hanyar kudu ta cikin Shagari ta bi, ko ka so ko ka ƙi za ka wuce ƙofar gidansa da lodinka. Ban taɓa roƙonka komai ba, ɗana. Ka taka burki.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Ladan, Danchadi